Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to idan mai ita ya yi shiru fa?

A watan Nuwamba na 2006 Laura Pausini, ɗaya daga cikin mawaƙan Italiya da sunansu ya fi zagaya duniya, ta fitar da kundi mai waƙoƙi 16. Babu ko ɗaya a ciki da ita ta rubuta, babu kuma wadda aka fara ji daga bakinta. Dukkansu waƙoƙin wasu ne da mutanen ƙasarta suka daɗe da haddacewa, mafi tsufa daga 1972, mafi ƙuruciya daga farkon shekarun 2000. Ta raɗa wa kundin suna Io canto, ta sake rera shi da Sifaniyanci da sunan Yo canto, kuma a ciki akwai waƙar da ta haɗa Italiyanci da Faransanci. Ire-iren wannan aiki ba sa rabo da ja-in-ja, kuma maganar ta sake tashi a 2025 da ta sanar cewa kashi na biyu yana tafe.

Masu suka suna da hujja, hujjar da mu ma muka sani, tunda Bahaushe ya riga ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Suna cewa duk mawaƙin da ya koma rera waƙoƙin wasu, to basirarsa ce ta ƙafe, ko kuwa kamfani ne ya hango cinikin ƙarshen shekara ya ce a tattaro abin da aka tabbata zai sayu. Suna ƙarawa da cewa juya waƙa zuwa wani harshe yana zare mata rai. Ni ina ganin abin da ta yi daidai ne, kuma alheri ne ga waƙar ƙasarta. Waƙar da aka daina rerawa ta kama hanyar kabari ko da an kulle faifanta a akwatin ƙarfe. Wanda kuma ya fi cancanta ya fita da waƙoƙin wata al'umma zuwa wasu harsuna shi ne ɗan gida, muddin zai tafi da sunan mai waƙar tare da waƙar, ya kuma riƙe amanar abin da ya faɗa. Wannan sharaɗin yana da nauyi, kuma ita kanta ba kullum take cika shi ba.

Zargin ƙafewar basira shi ne mafi sauƙin turewa, domin lokacin bai goyi bayansa ba. A 1993, tana da shekara 18, ta ci gasar sababbin mawaƙa a bikin Sanremo, babbar gasar waƙa ta Italiya. Shekara guda bayan haka kundinta na farko da Sifaniyanci ya mamaye kasuwar Sifen, daga can ya tsallaka teku zuwa Latin Amurka. A Fabrairun 2006, wata tara kacal kafin wannan kundi, ta karɓi kyautar Grammy a Amurka. Mai irin wannan tashe, duk abin da ta kai kasuwa a shekarar zai shiga. Sai ta ɗauki tashen nata ta haska sunayen wasu da shi.

Akwai kuma inda ta fito. Mahaifinta Fabrizio mawaƙi ne na gidajen cin abinci da wuraren shaƙatawa a yankin Romagna, irin wanda yake zama a kusurwa da fiyanonsa yana rera abin da baƙi suka nema. Tun tana 'yar shekara 8 take tsayawa a gefensa tana rerawa. A irin wannan wuri ba mai tambayarka waƙarka. Wani zai taso daga teburinsa ya raɗa maka sunan waƙar da aka sa ranar aurensa, dole ka san ta daga farko har ƙarshe, ka rera ta cokula suna ƙara, ma'aikata suna kai-kawo da faranti, rabin ɗakin yana hirarsa. Idan ka ci wani baiti, akwai dattijon da zai ɗago kai ya kalle ka. Makarantar da yarinyar garin Solarolo ta yi ke nan kafin duniya ta san ta, kuma waƙoƙin wasu ne suka horar da maƙogwaronta. Da ta girma ta koma musu, bashi ta je biya.

Amma abin ya wuce tarihin mace ɗaya. Italiyawa sun daɗe suna raba waƙa da mai rera ta, kuma bikin Sanremo shi ne shaida. Cikakken sunansa bikin waƙar Italiya, kuma asali waƙa ake ba kambu. Da aka fara shi a 1951, waƙoƙi 20 ne suka shiga gasa, amma masu rerawa uku ne kawai: mace ɗaya, namiji ɗaya, da wasu tagwaye mata da ke waƙa tare. Su suka raba waƙoƙin a tsakaninsu. Daga 1953 har zuwa 1971, in ban da shekara ɗaya, kowace waƙa mutum biyu ne suke rera ta, kowa da salonsa, don a ji ko waƙar za ta iya tsayawa da ƙafarta idan an sauya bakin da ke ɗauke da ita. Daga 1964 aka fara gayyato baƙi daga ƙasashen waje su zama baki na biyu. Louis Armstrong ya hau wannan dandali a 1968, Stevie Wonder a 1969. A 1968 ɗin ma, waƙar da ta yi nasara Sergio Endrigo ne ya rera ta tare da Roberto Carlos, ɗan Brazil. Har yau a cikin dararen bikin akwai daren da aka keɓe don 'yan gasa su rera tsofaffin waƙoƙin wasu, kuma yana cikin waɗanda jama'a suka fi jira.

Wannan tsari yana burge ni, domin gwaji ne na gaskiya. Waƙa da yawa muryar mai ita ce take rufa musu asiri. Idan aka cire muryar, aka cire kwarjinin mutumin, sai a ga babu komai a ciki. Wadda ta tsallake wannan gwajin, ta shiga bakin wani ta fito da ranta, ita ce ta cancanci a kira ta waƙa.

Abin da ya sauya lissafi shi ne zuwan mawaƙan da ke rubuta waƙarsu da kansu su rera da kansu. Domenico Modugno ya buɗe ƙofar a 1958 da waƙar nan da duniya ta sani da Volare, wadda suka rubuta shi da Franco Migliacci, ta kuma ɗauki manyan kyaututtuka biyu a bikin Grammy na farko a 1959. Bayansa aka samu gungun birnin Jenowa, su Gino Paoli da Luigi Tenco da Fabrizio De André, sai na Roma da Bolonya da Napoli. Waɗannan mutane sun ɗaga darajar waƙar Italiya ta kai matsayin adabi, har ana karanta baitocin wasunsu a makarantu. Sai dai sun zo da wata matsala da ba su yi nufi ba. Tunda waƙar da muryar sun fito daga ƙirji ɗaya, masoya suka fara ganin taɓa waƙar kamar taɓa mutumin ne. Daga nan girmamawa ta zama shinge. Shinge kuwa yana hana ɓarawo shiga, yana kuma hana ɗan gida.

Labarin Lucio Battisti ya isa misali. A Italiya da wuya ka sami gidan da ba a san waƙoƙin da ya yi da marubucin baitocinsa Mogol ba. Daga wajajen 1980 ya janye daga idon jama'a, ba hira da 'yan jarida, ba hawa dandali, har ya rasu a 1998. Bayan rasuwarsa magadansa suka riƙe waƙoƙin da ƙarfi, suka ƙi yarda a sa su a manhajojin saurare irin su Spotify. Sai a ƙarshen Satumban 2019, bayan doguwar shari'a a kan kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙin, kundayen da ya yi da Mogol suka shiga waɗannan manhajoji. A duba tsawon wannan lokaci da idon yaron da aka haifa a 1998. Ya tashi a zamanin da duk abin da ba ya cikin waya kamar babu shi ne. Ya kai shekara 21 kafin ya iya neman mawaƙin da iyayensa suka fi so a inda yake neman kowa. Ban ce magadan ba su da dalili ba, mai yiwuwa suna ganin wasiyyar mamaci suke cikawa, mutumin da da ransa ma ya guji hayaniya. Amma a tsawon waɗannan shekaru, waɗanda suka riƙe wa yara waƙoƙin su ne gidajen rediyo, da masu jita a bakin teku, da mawaƙan da suka sake rera su. Cikinsu akwai Pausini, wadda ta sa waƙarsa ta 1972 a kundinta, ta kuma kira Juanes ɗan Kolombiya suka rera tare. Matashiya a Bogota da ba ta taɓa jin sunan Battisti ba, ta wannan hanyar ta same shi.

Nan muka zo kan batun harshe, wanda shi ne zuciyar maganar. Mutanen Italiya ba su kai miliyan 60 ba. Masu jin Sifaniyanci tun daga nono sun kusa miliyan 500. Waƙar da ta tsaya a Italiyanci kaɗai tana da iyaka, komai kyanta. Kuma waƙar Italiya ta daɗe tana fita waje, sai dai yawanci a hannun baƙi take fita, su sauya mata riga har a manta gidansu. Sanannen karin nan na Napoli, 'O sole mio, an yi shi tun 1898. A 1960 Elvis Presley ya hau kansa da sababbin baitocin Turanci da ba su da alaƙa da na asali, ya sayar da miliyoyi. Waƙar da ta kai Dusty Springfield matsayi na ɗaya a Ingila a 1966, ta Pino Donaggio ce da aka rera a Sanremo shekara guda kafin nan. Gloria da ta yi wa Laura Branigan suna a Amurka a 1982, Umberto Tozzi ne ya fitar da ita a 1979. A bakin Tozzi, namiji ne yake begen wata mace. A Turanci sai ta koma gargaɗi ga wata mace da rayuwa take neman kuɓuce mata. Kari ɗaya, labari daban.

A takarda dai galibi sunayen masu asalin suna nan, da ƙananan haruffa a bayan faifai. A kunnen duniya kuwa waɗannan waƙoƙi sun zama na Amurka da Ingila. Tambayi mutum goma da suka san su, da wuya biyu su ce maka daga Italiya suka fito. Irin fitar da ni ba na so ke nan: a ci amfanin karin, a bar mai shi a duhu.

Abin da Pausini ta yi ya bambanta ta fuskar da ta fi muhimmanci. Dalilin kundin gaba ɗaya shi ne a ce wa mai saurare wannan ta Claudio Baglioni ce, wannan ta Vasco Rossi, wannan ta Renato Zero, wannan ta Ivano Fossati. Sunan mai waƙa shi ne hajar da ake tallatawa. Fassarar ma ta bi sawun ma'anar asali, ba a ƙirƙiro sabon labari aka ɗora a kan tsohon kari ba. Kuma inda ta kai waƙoƙin ba baƙon wuri ba ne. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20 miliyoyin Italiyawa talauci ya kora zuwa Ajantina da Brazil da Uruguwai da Benezuwela. Jikokinsu suna nan a Buenos Aires da Sao Paulo da sunayen kakanninsu, amma da yawansu harshen ya kuɓuce musu. Idan irin wannan mutum ya ji waƙar ƙasar kakarsa da harshen da yake mafarki da shi, an mayar masa da wani abu nasa. A Nuwamban 2007 kundin na Sifaniyanci ya ci kyautar Latin Grammy. Wato waƙoƙin da aka rubuta wa mutanen Roma da Milan sun tsaya a gasar Latin Amurka sun yi nasara, sunayen masu su suna manne da su.

Ko waƙar da ta ba kundin suna tana da irin wannan tarihi na tsallaka iyaka. Riccardo Cocciante, wanda ya fitar da ita a 1979, an haife shi a Saigon ta ƙasar Biyetnam, uba ɗan Italiya, uwa Bafaranshiya, kuma Faransawa sun san shi da Richard, suna ɗaukarsa nasu. Johnny Hallyday, wanda ta kira suka rera waƙar mawaƙin Italiya Zucchero da harsuna biyu, shi ma ya gina sunansa a Faransa da juya waƙoƙin Amurka zuwa Faransanci. Mutanen da ke cikin wannan sana'a sun san cewa waƙa matafiyiya ce tun asali. Masu son a kulle ta galibi 'yan kallo ne.

Gida ma bai juya mata baya ba. A ranar 2 ga Yuni 2007 ta cika filin San Siro, gidan AC Milan da Inter da masu kallon ƙwallo a nan suka sani, da mutum kusan dubu 70, kuma ita ce mace ta farko da ta yi wasan kanta a wannan fili. Ruwa aka yi ta tsugawa a daren, jama'a suka tsaya a jiƙe suna amshi.

Duk da haka ba zan ce babu asara ba, don akwai. Italiyanci da Sifaniyanci 'yan ɗaki ɗaya ne, kalmominsu da yawa suna ƙarewa da wasali, tsawonsu ya yi kusa, shi ya sa baiti yake iya tsallakawa ba tare da karin ya karye ba. Amma akwai abin da ba ya tsallakawa. Pino Daniele, wanda waƙarsa ta 1991 take cikin kundin, mutumin Napoli ne, kuma ko da Italiyancin kowa da kowa yake waƙa, lafazin garinsu yana biye da shi. Muryarsa siririya ce, mai taushi, kamar wanda yake magana da kansa a ɗaki ba ya son ya tashi mai barci. Yakan ja kalma ya sake ta kafin ta ƙare, jitarsa ta ƙarasa masa. Pausini kuwa muryarta babba ce, mai tsabta, an horar da ita don ta kai kujerar ƙarshe a filin wasa. Idan ta ɗauki irin wannan waƙa, komai yana fitowa fes, kowane harafi a wurinsa, kuma wani abu yana ɓacewa a cikin tsabtar. Haka ma Vasco Rossi, wanda kaushin muryarsa rabin ma'anar waƙarsa ne, da Battisti, wanda masu sharhi suka yi ta kushe muryarsa a farko kafin su gane cewa rauninta shi ne ƙarfinta. A kunnena akwai waƙoƙi a wannan kundi da aka yi musu ado fiye da abin da suke buƙata. Masu suka sun yi gaskiya a nan.

Sun kuma yi gaskiya cewa zaɓin ya karkata. Babu De André a ciki, babu Francesco De Gregori, babu Francesco Guccini, mutanen da suka yi waƙa a kan yaƙi, da fursuna, da matan da al'umma ta wofintar, da zaluncin masu mulki. Wanda ya san waƙar Italiya ta wannan kundi kaɗai zai ɗauka soyayya da rabuwa ne kusan duk abin da suke waƙa a kai. Na fahimci dalili, ta zaɓi abin da ta tashi tana ji kuma ya dace da muryarta, amma giɓin yana nan.

Sai dai duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe suna manta abu ɗaya. Sabuwar rerawa ba ta goge tsohuwa. Faifan Daniele yana nan yadda ya bar shi. Bambancin kawai shi ne yanzu akwai mutum a Lima ko Meziko da ya ji waƙar, ta kama shi, ya duba ya ga sunan wani ɗan Napoli, ya tafi neman asali. Idan ya same shi ya ga ya fi daɗi, to karin maganarmu ta tabbata, amma wa ya nuna masa hanya? Waƙa ta fi daɗi a bakin mai ita ga wanda ya san akwai mai itan.

Akwai kuma ribar da ba a cika ambato ba. Mawaƙan nan 16 da ta ɗauko waƙoƙinsu, dukkansu maza ne. Shekara da shekaru a waƙar Italiya namiji ne mai magana, mace ce wadda ake magana a kanta, wadda ta tafi, wadda ake jira, wadda ake roƙo. Da waƙoƙin suka shiga bakin mace, kujerun suka sauya ba tare da an taɓa labarin ba. Roƙon da namiji ya yi shekara 20 da suka wuce, yanzu mace ce take yi, kuma mai saurare yana jin wani gefe na baitin da bai taɓa lura da shi ba. Wannan abu mai waƙar da kansa ba zai iya yi ba, ko da ya so.

Batun kuɗi ma ya kamata a faɗe shi a fili, don a nan ake gane girmamawa ta gaskiya da ta fatar baki. Kowace waƙa tana da haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin wanda ya tsara kari da baitoci, akwai kuma haƙƙin wanda ya naɗi muryar a faifai. Mai sake rerawa na biyun kawai yake da shi. Na farkon yana komawa ga mai waƙa ko magadansa, har shekara 70 bayan rasuwarsa. A Italiya ƙungiyar SIAE, wadda aka kafa a Milan tun 1882, ita ce ta daɗe tana tattara wannan kaso daga rediyo da talabijin da wuraren wasa, har da mai fiyanon gidan cin abinci, wanda yake cike takardar waƙoƙin da ya rera a daren. Saboda haka duk kwafin da aka sayar a Santiyago, akwai abin da ya faɗa aljihun wani marubuci a Italiya, wanda watakila ya yi shekaru bai ga sunansa a jerin waƙoƙin da ke tashe ba. Idan kuma za a fassara waƙa ko a sauya baiti, sai an nemi izini, kuma dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar, ta 1941, ta ba marubuci ikon hana a jirkita aikinsa ta yadda zai taɓa mutuncinsa.

A nan ne maganar take taɓa mu. Mun san daɗin waƙar da ba mu jin harshenta, tunda mun tashi da waƙoƙin Indiya da na Sudan. Mun kuma san ɗaukar karin wani a ɗora masa Hausa ba tare da an ambaci mai shi ba, abin da aka daɗe ana yi da karin finafinan Indiya har ya zama kamar ba laifi. Ta ɗaya gefen kuma ga manyanmu sun tafi: Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Yaro a yau ya fi saninsu ta guntun daƙiƙa 30 da aka yanko aka ɗora a kan bidiyo, ko ta amshin da aka sata aka cusa a waƙar kamfen. Idan kuma wani matashi ya ce zai sake rera ɗaya daga ciki da gaske, mu ne na farko da za mu ce wa ya isa ya taɓa. Mun hana mai niyyar girmamawa, mun ƙyale mai yanka. Gaskiya ne cewa waƙoƙinmu da yawa an yi su ne don wani sarki ko wani attajiri, suna ɗaure da kalangu da kotso da kuntigi, ba kowacce za ta shiga sabon baki ba. Amma akwai masu yawa da za su shiga, na noma da na aure da na gargaɗi, idan aka je wa iyalan da sallama, aka rubuta sunan mai waƙa a gaba, aka ware musu kasonsu.

Na ce ita kanta Pausini ba kullum take cika sharaɗin ba, kuma abin da ya faru a 2025 nake nufi. Waƙar farko da ta fitar daga kashi na biyu ta Gianluca Grignani ce, ta 1994, wadda tun da daɗewa ta yi suna a Latin Amurka da Sifaniyanci, a Brazil kuma a bakin Ana Carolina. Pausini ta rera ta da Italiyanci da Sifaniyanci da Fotuganci da Faransanci. Grignani, wanda wata waƙarsa take cikin kundin 2006, ya fito fili ya nuna ɓacin rai, da farko don ba a ambaci sunansa a sanarwar ba, daga baya kuma don an sauya wani baiti. A asali mai waƙar yana maganar kuskuren da shi ya yi. A sabuwar rerawar kuskuren ya koma kan wanda ake yi wa waƙar. Ɓangarenta ya dage cewa an bi ƙa'idar neman izini.

Mai yiwuwa takardun sun cika, amma a wannan gaɓar ina tare da Grignani. Wanda ya ɗauki waƙar wani don kasuwa kawai, doka ta ishe shi ma'auni. Wanda ya ce girmamawa ya zo yi, ya ɗora wa kansa abin da ya fi doka, kuma sunan mai waƙa shi ne abin da ya kamata ya fara fita daga bakinsa tun ranar sanarwa. Batun baitin ya fi damuna. Waƙar gaba ɗaya ta mutum ce da ake rabuwa da shi, yana fama da girman kai, yana neman ya amsa laifinsa bai iya ba sai ta gefe. Idan aka ɗauke laifin daga kansa aka aza wa ɗayan, mai waƙar ya zama wanda aka zalunta, kuma wannan wata waƙa ce daban. Ba harshe ne ya tilasta sauyin ba, tunda da Italiyancin aka yi shi. Ba kasancewarta mace ba ne, tunda mace ma tana iya cewa ni na yi kuskure. Da ta bar baitin yadda Grignani ya rubuta, da babu abin da zai ragu daga rerawarta.